Makarantar Da Ke Cikin Ƙirji: Yadda Ake Koya Wa Jiki Karɓar Baƙuwar Ƙoda

Duk wanda ya daɗe a zango, ko a Nima ta birnin Akra ko a Kumasi, ya san yadda abin yake idan ciwon ƙoda ya kama wani daga cikinmu. Za a yi sanarwa a masallaci bayan an idar da sallar Juma'a, a zaga da faranti, 'yan'uwa na ƙasashen waje su aiko da abin da ya sawwaƙa, wani ɗan'uwa na jini kuma ya ce ya ba da ƙodarsa guda saboda Allah. A tafi Indiya ko wani asibiti na kusa a yi dashe, a dawo gida, mu yi ta tururuwa zuwa barka. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. A wurin mai sabuwar ƙodar kuwa yanzu aka fara, domin daga ranar da aka yi masa aiki har iyakar rayuwarsa sai ya riƙa shan magani safe da dare, kuma wannan kuɗin ba a zagawa da faranti dominsa.

An fara dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a shekarar 2002, a asibitin Korle Bu na Akra kuma a 2008. Wannan ci gaba ne da ya kamata mu gode wa Allah a kansa. To amma ko a ina aka yi aikin, matsalar guda ce: jikin ɗan Adam ba ya son baƙo. Da zarar an saka masa naman wani, sai garkuwar jiki ta taso masa kamar yadda take taso wa ƙwayar cuta. Magungunan da ake sha, irin su saikulosforin da takrolimus, aikinsu shi ne su danne wannan garkuwa. Sai dai kuma ba sa zaɓe wajen dannewa. Garkuwar da aka hana ta taɓa ƙoda ita ce dai aka raunana gaban tarin fuka da sauran cututtuka, ga hawan jini da ciwon sukari da kan biyo baya, har ma ita ƙodar da ake karewa maganin yakan yi mata lahani a hankali. Wanda kuma ya gaji ko kuɗi suka yanke masa ya daina sha, to, jiki zai koma kan ƙodar ya lalata ta, sai a koma wankin ƙoda kamar ba a yi komai ba.

Saboda haka a wannan wata muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin wani bincike da aka shafe sama da shekara 60 ana yi a kan ɓeraye da kaji da aladu da birai. Tambayar masu binciken ita ce, shin za a iya koya wa jiki ya ɗauki baƙuwar ƙoda ko zuciya tamkar tasa, ya bar ta ta zauna lafiya ba tare da magani ba, alhali yana ci gaba da yaƙar cututtuka? Amsar da suka samu ta kai su ga wani ɗan nama da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Tagwayen maruƙa

Labarin ya faro ne daga garken shanu. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa idan saniya ta haifi tagwaye, mace da namiji, galibi karsanar takan zama juya. Dalili shi ne tun suna ciki jijiyoyin jinin mabiyiyarsu sukan haɗe, jinin wannan ya riƙa shiga jikin wancan. A shekarar 1945 wani masani mai suna Ray Owen, a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, ya auna jinin irin waɗannan tagwaye, ya tarar kowannensu yana ɗauke da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa har bayan ya girma, kuma jikinsa bai kashe su ba.

Bayan 'yan shekaru aka roƙi Peter Medawar na Ingila ya nemo hanyar bambanta tagwayen maruƙa na ƙwai ɗaya da na ƙwai biyu. Shi kuwa ya riga ya yi suna wajen binciken dashen fata tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ake neman yadda za a yi wa waɗanda suka ƙone magani. Ya ɗauka abin mai sauƙi ne: a yanki fatar wannan a ɗora wa wancan, in na ƙwai biyu ne za ta bushe ta faɗi. Ashe ba haka ba. Yawancin tagwayen, har da mace da namiji, sai suka karɓi fatar juna. A 1953 shi da abokan aikinsa biyu, Rupert Billingham da Leslie Brent, suka gwada abin da gangan. Suka yi wa 'ya'yan ɓera allurar ƙwayoyin wani jinsin ɓera tun suna cikin uwarsu. Da suka girma aka ɗora musu fatar wancan jinsin, ta kama, har farin gashi ya tsiro a bayan ɓera mai ruwan ƙasa. Da aka ɗora musu fatar wani jinsi na uku kuwa, sai jikinsu ya ƙi ta nan da nan. Wannan aiki ne ya sa Medawar ya sami lambar yabo ta Nobel a 1960, tare da Macfarlane Burnet na Ostareliya.

Darasin a fili yake. Ba a haifi jiki da sanin nasa da na wani ba, koyo yake yi, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya rage shi ne a gano inda makarantar take.

Naman da aka raina

A bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya kaɗan, akwai wani nama mai laushi da likitoci ke kira taimos. Mahauta sukan ci karo da shi a wuya da ƙirjin ɗan maraƙi ko ɗan rago, amma a tsohon sa da ƙyar a gan shi, domin bayan balaga yakan riƙa shanyewa kitse yana maye gurbinsa. Haka yake a jikin mutum ma. Wannan shanyewa ce ta sa likitocin da suka ɗauka ba shi da wani amfani.

Jacques Miller, wani matashin likita da ya tashi a Ostareliya yana bincike a Landan, shi ne ya warware maganar a 1961. Ya riƙa cire wa ɓeraye taimos a ranar da aka haife su. Sai suka taso a rame, cuta kaɗan ta kayar da su, kuma duk fatar da aka ɗora musu sai ta kama, ko ta wane jinsi ce. Da ya dasa wa irin waɗannan ɓeraye taimos na wani jinsi, sai garkuwarsu ta dawo, suka iya ƙin baƙuwar fata, ban da fatar jinsin da ya ba su taimos ɗin. Ita kam sun ɗauke ta a matsayin tasu. Duk binciken da ya biyo baya a kan wannan ginshiƙi aka ɗora shi.

Ga yadda makarantar ke aiki a taƙaice. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, harafin kuma daga sunan taimos aka ɗauko shi. Su ne manyan sojojin da ke kashe ƙwayar da cuta ta shiga, su ne kuma ke kai wa dasasshiyar ƙoda hari. Daga ɓargo ake haifarsu, sannan jini ya kai su taimos suna ɗanyu. A can ake yi musu jarrabawa iri biyu. Ta farko, ko za su iya karanta tambarin da ke jikin ƙwayoyin mai jikin. Wadda ba ta iya ba, ba ta da amfani, sai ta mutu. Ta biyu, ana nuna musu samfurin sassan jiki dabam-dabam, duk wadda ta zabura za ta kai hari sai a kashe ta tun a nan. Fiye da 90 cikin 100 ba sa fita da rai. Ban da wannan, taimos yakan yaye wani rukuni na musamman, masu raba faɗa, waɗanda ke bin sauran sojoji suna tsawatar musu kada su taɓa na gida. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya tabbatar da su a 1995, kuma a 2025 aka ba shi lambar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka.

Mu mutanen zango ba za mu sha wuyar gane wannan ba. A da, baƙon fatake ba ya shiga gari kai tsaye, sai ya sauka a hannun maigida, shi ne zai gabatar da shi ga jama'a ya tsaya masa. Dabarar masu bincike ke nan: idan za a kawo baƙuwar ƙoda, a taho da taimos na mai ita, domin sababbin sojoji su tashi da saninta.

Daga salwa zuwa alade

A Faransa, a ɗakin binciken Nicole Le Douarin, an yi wani gwaji mai ban mamaki wanda aka buga a 1987. Sukan buɗe ƙwan kaza su dasa wa ɗan tsakon da ke ciki tsiron fiffiken salwa. Ɗan tsako yakan ƙyanƙyashe da fiffiken salwa, amma bayan ɗan lokaci jikinsa ya lalata shi. Da suka haɗa da tsiron taimos na salwar, sai fiffiken ya zauna. A 1990 kuma, a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, Ali Naji da Clyde Barker da abokan aikinsu suka bi ta wata hanya. Suka ɗauki ƙwayoyin da ke yin sinadarin insulin daga wani jinsin manyan ɓeraye, suka zuba su cikin taimos na masu ciwon sukari. Ƙwayoyin suka rayu, sukari ya sauka, kuma daga baya jikin ya karɓi irin waɗannan ƙwayoyi ko da an saka su a wani wuri.

Babban aikin an yi shi ne a Babban Asibitin Masacusets da ke birnin Bostan, a cibiyar da David Sachs ya shugabanta. A can Megan Sykes ta cire wa ɓeraye taimos ɗinsu, ta share tsofaffin ƙwayoyin T da allura, sannan ta dasa musu taimos na ɗan tayin alade. A 1994 ta nuna cewa sojojin ɓera sun yi karatu a makarantar alade sun fito lafiya. A 1996 kuma aka ga waɗannan ɓeraye sun karɓi fatar alade, alhali suna ƙin fatar wani jinsin ɓera ɗan'uwansu. Tsakanin ɓera da alade kuwa akwai nisa ƙwarai a halitta, don haka abin ya ja hankalin duniya.

To amma ɓera ƙarami ne, kuma abin da ya yi aiki a kansa sau da yawa ba ya yi a kan babbar dabba. Sachs ya daɗe yana kiwon wasu ƙananan aladu da aka san tambarin jikinsu sarai, kuma a kansu ne wani likitan fiɗa ɗan Japan, Kazuhiko Yamada, ya ci gaba da aikin. A 1997 ya nuna cewa ƙaramin alade da aka dasa wa ƙodar wani mai ɗan kusanci da shi, aka ba shi saikulosforin na kwana 12 kacal, yakan riƙe ƙodar ba tare da ƙarin magani ba. Idan kuwa an riga an cire masa taimos kafin aikin, hakan ba ya samuwa. Sai dai da aka zo dasa taimos ɗin kansa, wata matsala ta ɓullo: yankakken taimos yana bukatar makonni kafin jijiyoyin jini su tsiro cikinsa, kafin nan kuwa garkuwar sabon jikin ta cinye shi. Yamada ya yi wata dabara. Ya yanki taimos na aladen da zai ba da ƙoda, ya cusa shi ƙarƙashin tantanin ƙodar wannan aladen, ya bar shi har ya kama ya sami jini. Bayan nan sai a ɗauke ƙodar da taimos ɗin a haɗe a dasa wa wani. A 2000 aka buga sakamakon, inda aladun da suka sami wannan haɗi suka riƙe ƙodar bayan an tsayar da magani.

Daga nan aka tsallaka zuwa birai. Jikin alade yana da wani nau'in sukari a kan ƙwayoyinsa wanda jinin mutum da na manyan birai ke kai wa hari cikin mintoci. A wajen 2002 zuwa 2003 aka samar da aladun da aka cire musu ƙwayar gadon da ke yin wannan sukari. A 2005 Yamada da abokansa suka ba da rahoton dasa ƙodar irin waɗannan aladu, haɗe da taimos, a jikin bika, wato gwaggon biri. Ƙodar ta yi aiki har kwana 83, waɗanda ba a haɗa da taimos ba kuwa ba su wuce wata guda da 'yan kwanaki ba. A shekarun baya an kai sama da wata 6. Amma dole mu faɗi gaskiya, waɗannan birai ba a raba su da magani gaba ɗaya ba.

Da aka zo kan mutane

Akwai jariran da ake haifa ba su da taimos sam, kuma in ba a yi wani abu ba ba sa wuce shekara biyu ko uku. Tun daga 1993 wata likitar yara a Jami'ar Duke ta Amurka, Louise Markert, ta fara yi musu dashe. Likitocin fiɗar zuciyar jarirai sukan cire wani sashe na taimos don su isa ga zuciya. Da yardar iyaye, ita sai ta karɓi wannan nama, ta yayyanka shi siri-siri, ta rene shi a ɗakin bincike na mako biyu zuwa uku, sannan a dasa shi cikin tsokar cinyar jaririn da ba shi da nasa. An yi wa yara sama da 100, mafi yawansu sun rayu, kuma a watan Oktoba na 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan magani.

A 2020 masu bincike na wannan jami'a suka gwada haɗa irin wannan taimos da dashen zuciya a kan manyan ɓeraye. Bayan an daina ba su magani zuciyar ta ci gaba da bugawa, da aka saka musu zuciyar wani jinsi na uku kuwa suka ƙi ta. A watan Agusta na 2021 likitan fiɗa Joseph Turek ya yi wa wani jariri mai wata 6 dashen zuciya, bayan mako biyu aka dasa masa taimos na wanda ya ba da zuciyar. A watan Maris na 2022 asibitin ya sanar cewa taimos ɗin ya fara yaye sababbin ƙwayoyin T.

A birnin New York kuma, Robert Montgomery da jama'arsa sun gwada ƙodar alade haɗe da taimos a jikin mutanen da likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsu ta mutu, da izinin iyalansu. A watan Satumba na 2021 ta yi aiki awa 54, a 2023 kuma kwana 61. A watan Afrilu na 2024 aka dasa wa wata mace mai rai, wadda ke ɗauke da injin taimakon zuciya. Bayan kwana 47 aka cire ƙodar saboda jini ba ya isa gare ta sosai, matar kuma ta rasu a watan Yuli na shekarar. Duk waɗannan an yi su ne tare da magungunan danne garkuwa.

Mun san ambaton alade zai sa wasu masu karatu su yamutsa fuska, kuma ba mu ga laifinsu ba. Abin da ya sa masu bincike suka zaɓe shi shi ne girman ƙodarsa da zuciyarsa ya yi kusa da na mutum, ga saurin haihuwa. Tun shekarun 1960 ma ake amfani da murfin zuciyar alade wajen yi wa mutane aiki. Hukuncin wannan a lokacin larurar ceton rai magana ce ta malamai, su ya kamata a tambaya, kuma gara su fara nazarinta tun yanzu tare da likitoci. Amma a lura, dabarar taimos ba ta tsaya ga alade ba, domin jaririn da muka ambata zuciyar mutum da taimos na mutum aka ba shi.

Abin da ya rage

Me ya hana a yi wa kowane mai dashen ƙoda wannan aiki gobe? Sabuwar makaranta sababbin ɗalibai kawai take koyarwa. Babban mutum kuwa jikinsa cike yake da tsofaffin sojoji da suka daɗe da yaye, suka yi yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da mura, kuma cikinsu akwai masu kai wa baƙon nama hari. A gwajin dabbobi sai an cire tsohon taimos an kuma share waɗannan sojoji tukuna. Daga nan zuwa lokacin da sababbi za su fito watanni ne, kuma a tsakanin mara lafiya ba shi da kariya. Ɓeran ɗakin bincike a tsabtataccen keji yake zaune, mutum kuwa cikin jama'a. Jaririn Duke ya dace da aikin ne saboda da ma ƙwayoyin T nasa ba su da kirki. Bugu da ƙari, ɗan'uwan da ke ba da ƙoda galibi babba ne, taimos ɗinsa ya riga ya shanye. Ko da yake a nan akwai labari mai daɗi: a 2006 mutanen Bostan sun dasa taimos na tsohon alade a jikin ƙarami, sai ya farfaɗo ya koma aiki.

Akwai kuma wata hanya da ta fi kama da ta tagwayen maruƙan Owen, wato a haɗa ƙoda da ɓargon mai bayarwa. A 2008 asibitin Bostan ya ba da rahoton mutum 5 da aka yi wa haka, 4 daga cikinsu suka rabu da magani. Wannan ma aiki ne mai nauyi da hatsari, a ƙarƙashin idon ƙwararru ake yinsa.

Saboda haka muna da kira guda uku ga jama'armu. Na farko, duk wanda ke ɗauke da dasasshiyar ƙoda kada wannan labari ya sa ya rage magani ko ya daina, ko da yana jin garau. Ƙoda takan lalace shiru, kafin a ji a jika ta yi nisa. In kuɗi sun yanke, a je a gaya wa likita tun kafin ƙwayar ƙarshe ta ƙare. Na biyu, kada wani mai talla ya ruɗe mu da garin taimos ko cin naman, domin abin da ya shiga ciki narkewa yake yi kamar kowane nama. Na uku, ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin zango: idan za a tara wa mara lafiya kuɗin dashe, a sa kuɗin maganin shekarun da za su biyo baya cikin lissafi tun farko, a kuma riƙa leƙa shi bayan an gama barka. Wanda ya ba da ƙodarsa ya yi sadaka mai girma, bai kamata mu bari ta salwanta saboda kuɗin ƙwaya ba.

Sauranmu kuma mu riƙa auna hawan jini da sukari, domin su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.